ZAUREN IYALI: Shirin Hutu a Tsibiran Zanzibar

A wannan wata za mu bar zancen cikin gida kaɗan, mu leƙa bakin teku. Waɗansunku sun rubuto suna tambaya a kan irin hutun nan da akan yi a tsibirai, inda mutum zai kwana biyu a wannan, ya haye zuwa wancan, ya sāke hayewa zuwa na gaba. Yawancin masu tambayar ma'aurata ne da suke shirin murnar cika shekara 25 da aure, ko ma'aikatan da suka kusa ajiye aiki, ko kuwa iyayen da 'ya'yansu suka yi alkawarin haɗa musu kuɗin hanya. Tambayarsu kuwa ɗaya ce: ta ina za a fara?

Mun ga ya fi kyau mu ɗauki wuri ɗaya mu bi shi daki daki. Mun zaɓi tsibirai uku na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, watau Unguja, da Pemba, da Mafia. Abin da za mu faɗa a kansu zai amfani mai zuwa waɗansu tsibiran dabam.

Ga abin da muke so ku riƙe tun daga farko. Mu mutanen tudu mun saba da tasha. In mota ta tashi ta bar ka, ka zauna ka sayi gyaɗa, wata tana nan tafe. A tsibiri, in jirgin yau ya wuce, sai gobe. In iska ta tashi, goben ma ba tabbas. Saboda haka mai shirin irin wannan tafiya ya rage yawan tsibiran da yake so ya taka, ya ƙara kwanakin jira, ya kuma bar iska da ruwa su zaɓa masa watan tafiya.

INA SUKE?

Unguja shi ne tsibirin da yawancin mutane suke kira Zanzibar. Tsawonsa wajen kilomita 85 ne, yana kuma da nisan wajen kilomita 35 daga gaɓar Afirka. A nan babban birni yake, da babban filin jirgin sama mai sunan Abeid Amani Karume. Pemba yana wajen kilomita 50 arewa da shi. Waɗannan biyu su ne ƙasar Zanzibar, wadda ta haɗu da Tanganyika ran 26 ga Afrilu, 1964, aka sami Tanzaniya. Har yau Zanzibar tana da nata shugaba da tata majalisa. Shi ya sa baƙo yakan nuna fasfo in ya sauka can, ko da daga Darussalam ya fito.

Mafia kuwa yana can kudu, fiye da kilomita 100 daga Darussalam, ba ya kuma ƙarƙashin gwamnatin Zanzibar. A taswira za ku ga tsibiran nan uku a jere kamar duwatsun murhu da aka miƙe su a layi, har mutum ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma hanyar jirage ba ta bi wannan layi ba. Mai barin Pemba zuwa Mafia sai ya sauka Unguja, ya sauka Darussalam, sa'an nan ya kama wani jirgi. Yini guda ke nan ya tafi a filayen jirgi, ga yara, ga kaya. Shawararmu ita ce, mai kwana goma ya tsaya a kan tsibiri biyu, Unguja da ɗaya daga cikin sauran. Sai mai mako biyu cif ya yi tunanin na uku. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

WANE WATA?

Tsibiran nan suna kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka lokatansu ba su dace da namu ba. Iska biyu ke mulkin shekara a can. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke busawa, suna kiranta kaskazi. Lokacin zafi ke nan. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba iska takan juyo daga kudu, suna kiranta kusi. Tana kawo sanyi sanyi mai daɗi, amma takan tayar da teku, musamman a Yuni da Yuli. Da waɗannan iskoki biyu ne jiragen ruwan Larabawa da na Indiyawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa fatauci suna komawa, gama ɗaya ke kawo su, ɗaya ke mai da su gida.

Damina kuma biyu ce. Babbar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take. Ƙaramar, vuli, takan zo wajen Nuwamba zuwa Disamba, ruwanta kuwa ba ya daɗewa yake ɗaukewa.

To, ku auna wannan da hutun makarantunmu. Hutun Ista yakan faɗo a bazararmu, sa'ad da zafi ya ishi kowa, rai yana marmarin bakin ruwa. Amma daidai lokacin ne masika take tsakiyarta. Ana iya kwana uku ana ruwa, waɗansu masaukai ma sukan rufe a Afrilu da Mayu. Farashi yakan sauka, gaskiya ne, amma mutum zai biya kuɗin jirgi ne ya je ya zauna a ɗaki. Dogon hutu na Agusta ya fi dacewa da masu yara, gama ba zafi, ba ruwan sama mai yawa. Hutun Kirsimati yana da kyau ga mai son teku mai ɗumi, sai dai shi ne lokacin da baƙi suke cika ko'ina, ɗakuna su yi tsada, kujerun jirgi su ƙare da wuri.

Watan da kuka zaɓa shi zai nuna muku tsibiri na biyu. In daga Yuli zuwa Oktoba ne, ku nufi Pemba, ku iske ana girbin kanumfari. In daga Oktoba zuwa Fabrairu ne, Mafia ya fi, saboda wani babban kifi da za mu ba ku labarinsa nan gaba.

TAKARDU KAFIN TIKITI

Kuskuren da mutane da yawa suke yi shi ne su fara sayen tikiti domin sun ga araha, sa'an nan su shiga neman biza. Tanzaniya ta sa Nijeriya da Nijar da Cadi cikin jerin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi. Tilas a nema tun daga gida, a jira hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince, wannan kuwa yakan ɗauki makonni. Ku fara nema wata biyu ko uku kafin ranar tashi. Ana cika takardar ta intanet, kuma Tanzaniya tana da ofishin jakadanci a Abuja inda za a yi tambaya. Kada ku biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Na biyu, fasfo. Ku duba na kowa, har da na jariri, ku tabbata yana da sauran wata shida ko fiye daga ranar da za ku sauka.

Na uku, katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Duk mai fitowa daga ƙasashenmu za a tambaye shi. Allurar ba ta fara aiki a wurin hukuma sai bayan kwana goma da yinta, don haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne. Ku tambayi likita maganin rigakafin zazzaɓin sauro kuma. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari ya ɗauki wanda zai ishe shi har da na ƙarin mako ɗaya, ya sa a jakar hannu.

Na huɗu, inshora. Tun daga ran 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo ya sayi inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatinta, a kan dala 44 ga babba. Ko kuna da wata inshora daga gida, sai kun sayi wannan. Miji da mata, dala 88 ke nan kafin a sa ƙafa a tsibiri. A sa shi cikin lissafi tun yanzu.

BABBAN JIRGI DA ƘARAMI

Hanyar da ta fi sauƙi ga mutanen arewa ita ce ta Habasha. Jiragen Ethiopian Airlines suna tashi daga Kano da Abuja da Yamai zuwa Adis Ababa, daga can kuma akwai mai zuwa Zanzibar. Masu tashi daga Ikko suna iya bi ta Nairobi da Kenya Airways. Ku sayi tikiti ɗaya wanda ya haɗa hanyar duka, daga gida har Zanzibar da dawowa. In jirgin farko ya makara, alhakin kamfanin ne ya sa ku a na gaba. Agogon Tanzaniya yana gaba da namu da sa'a biyu, a gyara shi tun cikin jirgi.

Tsakanin tsibirai kuwa ƙananan jirage ne suke aiki, irin masu ɗaukar mutum goma sha biyu ko sha uku, na kamfanoni kamar Auric Air da Coastal. Daga Unguja zuwa Pemba wajen rabin sa'a ne. Daga Darussalam zuwa Mafia ma haka. Daga Unguja zuwa Darussalam minti ashirin. Akwai abu biyu da ya kamata uwargida da maigida su sani a kansu.

Na fari, kaya. Babban jirgi zai yardar muku da manyan akwatuna, amma ƙaramin ba ya yarda da fiye da kilo 15 zuwa 20 ga mutum ɗaya, ya kuma fi son jaka mai laushi da za a iya cusawa a cikinsa. Mai tafiya da akwati biyu da ƙullin yaji da garin kunu zai sha mamaki a wurin awo. Dabara ita ce a bar manyan kaya ajiya a masaukin Unguja, a haye da 'yar jaka, a dawo a same su.

Na biyu ya fi muhimmanci. Tikitin ƙaramin jirgi dabam yake da na babba, ba kuma ruwan wannan kamfani da wancan. In hadari ya hana jirgin Pemba tashi ran da za ku koma gida, babban jirgi zai tafi abinsa, ba wanda zai biya ku ko kwabo. Sayen sabon tikitin iyali duka a rana ɗaya yana iya cinye abin da aka yi shekara ana tarawa. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ku sa tsibiri mai wuyar zuwa a tsakiyar tafiya, ku dawo Unguja da sauran kwana biyu a hannu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ji masu magana, amma wanda ya shirya sawunsa ba ya jin tsoron ganga.

ZANCEN JIRGIN RUWA

Tsakanin Darussalam da Unguja akwai jiragen ruwa masu sauri na kamfanin Azam Marine, suna yin wajen sa'a biyu, sau da dama a yini. A sayi tikiti a ofishinsu, ban da hannun 'yan kamasho da suke tare mutane a ƙofar tasha. Tsakanin Unguja da Pemba ma akwai jirgin ruwa mai sauka a Mkoani. Ya fi na sama araha nesa, amma ba kullum yake tashi ba, yana kuma cin sa'o'i da dama a kan ruwa mai zurfi da igiya mai ƙarfi.

A nan sai mu faɗi magana mai nauyi. Da daren 10 ga Satumba, 2011, jirgin ruwa mai suna Spice Islander ya nutse a kan hanyarsa daga Unguja zuwa Pemba. An yi shi domin mutum ƙasa da 700, amma rahoton gwamnati ya nuna akwai fiye da 2,000 a ciki, ban da kaya. Fiye da mutum 1,500 suka mutu ko suka ɓace. Ran 18 ga Yuli, 2012, wani jirgin mai suna Skagit ya kife cikin iska mai ƙarfi tsakanin Darussalam da Unguja, rayuka fiye da 100 suka salwanta. Bayan haka an tsananta doka, an kuma kawo sababbin jirage. Duk da haka mu da muke jin labarin kwalekwalen da suke kifewa a Kwara da Binuwai kowace damina mun san yadda lodi fiye da kima yake farawa: kowa yana ganin ya yi yawa, ba mai so ya zama shi ne ya sauka.

Saboda haka maigida ya yanke wa kansa hukunci tun yana gida. Ba za a shiga jirgin dare ba. Ba za a shiga wanda ya cika ya batse ba, ko da an riga an biya. Ba za a sa yaro a ƙaramin jirgin yawon kallo ba sai an ɗaura masa rigar ceto daidai jikinsa, manya ma su sa tasu. In matuƙi ya ce yau ruwa ba kyau, a yi masa godiya a koma masauki, kada a ƙara masa kuɗi don ya canza magana. A watannin kusi kuwa, masu yara da tsofaffi su bi sama zuwa Pemba.

ABIN GANI A UNGUJA

Ku fara da tsohon birni, wanda mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town saboda gidajensa na dutsen murjani. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa sun yi kama da na cikin birnin Kano, mota ba ta shiga yawancinsu. Ku lura da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Birnin ya bunƙasa ne bayan da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa can daga Maskat wajen 1840. Arzikinsa kuwa daga hauren giwa, da kanumfari, da cinikin bayi ya fito.

Wurin da bai kamata iyali su wuce ba shi ne Mkunazini, inda babbar kasuwar bayi take dā. An rufe ta a 1873 a zamanin Sarki Barghash. Ran Kirsimati na wannan shekara aka aza harsashin babbar majami'ar Angilikan a filin kasuwar, Bishop Edward Steere ne ya lura da ginin, a can kuma aka binne shi a 1882. A ciki akwai gicciye da aka sassaƙa daga itacen da aka binne zuciyar David Livingstone a gindinsa a ƙasar Zambiya ta yau. A harabar akwai ɗakin nune-nunen tarihin bauta. Ku kai yara, ku bar su su yi tambaya. Har yanzu ana sujada a majami'ar ran Lahadi, haka kuma a ta Katolika mai sunan Yusufu Mai Tsarki, wadda ba ta da nisa.

Da yamma ku je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda ake gasa kifi da jatan lande, ana matse ruwan rake da citta. Ku ci wanda aka gasa a gabanku da zafinsa. Uwargida kuma ta leƙa kasuwar Darajani domin tsaraba.

Yini guda a ba gonakin kayan ƙamshi da suke bayan gari. Yawancinmu mun girma muna ganin kanumfari da masoro da kirfa a busashe cikin ƙwarya, ba mu taɓa ganin uwarsu ba. A can yaro zai ga masoro yana hawa itace kamar wake, ya ga kirfa ɓawon itace ce, kanumfari kuwa tohon fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba. Wani yinin a je dajin Jozani, wajen kilomita 35 daga birni, a ga wani jan biri da ba a samunsa a wata ƙasa. Ga kuma ɗan tsibirin Changuu, tafiyar rabin sa'a a ƙaramin jirgi, inda akwai manya manyan kunkuru. Kakanninsu kyauta ce daga gwamnan tsibiran Seshel a 1919.

Game da wanka a teku, ku san bambancin gabas da arewa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku yakan janye nesa ƙwarai sau biyu a yini, ya bar fili inda mata suke noman ciyawar ruwa, sa'an nan ya dawo da sauri. Wanda ya yi nisa yana tsintar bawo zai iya waiwaya ya ga ruwa ya tare masa hanya. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya janyewa da yawa, a Nungwi kuma za ku ga masassaƙa suna ƙera jiragen katako da hannu. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, ba kuwa abin kunya ba ne a faɗa. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ido yana kan yara, a kuma sa takalmin roba saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da take kwance a ƙarƙashin ruwa.

PEMBA DA MAFIA

Larabawa sun sa wa Pemba suna Koren Tsibiri. Ƙasa ce mai tuddai da kwaruruka, cike da itatuwa. An kawo kanumfari Zanzibar a farkon ƙarni na 19, asalinsa kuwa daga tsibiran Indunusiya ne. A 1872 wata guguwa ta kakkarya gonakin Unguja, ta bar na Pemba, tun daga nan Pemba ya zama gidan kanumfari. A lokacin girbi za ku ga an shanya shi a kan tabarmi a bakin hanya, ƙamshi ya cika gari. Manyan garuruwan su ne Chake Chake, inda filin jirgi yake, da Wete, da Mkoani. A arewa akwai dajin Ngezi, akwai kuma wani irin jemage na tsibirin wanda faɗin fikafikansa yakan kai mita ɗaya da rabi. Masaukai kaɗan ne, don haka a kama ɗaki kafin a haye. Gargaɗi ɗaya: kada ku ci naman kififiyar teku, ko wa ya ba ku. Wani lokaci yakan zama dafi. A Maris 2024 yara takwas da babba ɗaya suka rasu a Pemba bayan sun ci shi.

Mafia ya fi Pemba shiru. Jirgi yana sauka a Kilindoni. A 1995 aka keɓe ruwan da ke kudu da gabashinsa ya zama gandun halittun teku, baƙo kuwa yana biyan kuɗin shiga na kowace rana in masaukinsa yana ciki. Daga Oktoba zuwa Fabrairu kifin nan da ya fi kowane kifi girma a duniya yakan zo kiwo kusa da Kilindoni. Babbansa yakan kai mita 12, jikinsa da ɗigo ɗigo fari kamar zabo, amma ba ya cin mutum, ƙananan halittun ruwa yake tacewa. Ana fita da sassafe a ƙaramin jirgi a gan shi. Wata rana a dace, wata rana a dawo haka nan, shi ya sa ake ba Mafia kwana uku.

MISALIN KWANA GOMA

Rana ta 1, tashi daga gida. Rana ta 2, sauka Unguja, a huta, kada a shirya kome. Rana ta 3 da ta 4, tsohon birni da gonar kayan ƙamshi. Rana ta 5, a haye Pemba ko Mafia da jirgin safe. Rana ta 6 da ta 7, a can. Rana ta 8, a dawo Unguja. Rana ta 9, bakin teku ko Jozani, ita ce kuma ranar da aka ajiye domin in jirgin jiya bai tashi ba. Rana ta 10, a kama hanyar gida.

KUƊI DA ZAMA DA MUTANE

Ku zauna ku biyu da takarda da alkalami, ku rubuta kashi biyar: takardu, babban jirgi, ƙananan jirage, masauki da abinci, yawon kallo da tsaraba. Ku tambayi farashin kowane a rubuce. In kun tara, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma a kai, ku ware shi, ba a taɓawa sai ciwo ko makarar jirgi. In jimlar ta fi abin da ke hannu, a cire tsibiri ɗaya ko a ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Kada a ci bashi domin hutu, kada kuma a taɓa kuɗin makarantar yara. Hutun da za a dawo ana ɓuya wa mai bin bashi bai hutar da kowa ba.

Kuɗin ƙasar shi ne shilin na Tanzaniya, tun 2025 kuma doka ta ce da shi za a yi ciniki a cikin ƙasa. Ku tafi da dala sababbi marasa yagewa, ku canza a banki ko wurin canji mai lasisi a Unguja kafin ku haye, gama a ƙananan tsibirai wuraren canji kaɗan ne. An hana jakar leda a ƙasar, uwargida ta nemi ta yadi.

Yawancin mutanen tsibiran Musulmi ne, masu son sutura da gaisuwa. Tufafin da muke sawa zuwa kasuwa a gida sun isa. Kayan wanka a bar su a bakin ruwa. In tafiyarku ta faɗo cikin azumi, kada ku ci abinci a kan titi da rana. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum.

Harshensu Suwahili ne, kunnenku kuwa zai tsinci 'yan'uwa a ciki, domin mu da su mun ara daga Larabci. Labari shi ne habari, sabulu sabuni, alkalami kalamu, kanumfari karafuu. Amma ku yi hankali da agogonsu. Suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a bakinsu. In mai jirgi ya ce muku saa tatu, watau sa'a ta uku, ƙarfe tara yake nufi. Ku roƙe shi ya nuna muku a fuskar agogo, a rabu da shakka.

Wanda ya bi waɗannan zai ga tsibiri biyu da kyau, ya dawo da iyalinsa lafiya, da ɗan canji a aljihu da ƙullin kanumfari na maƙwabta. Masu sauran tambaya su rubuto mana kamar kullum. Allah ya kiyaye masu tafiya, ya kai mu wata mai zuwa.